Ramin da ya gina gari, wa zai gaje shi?

Da wuya ka sami tsohon ƙauye a ƙasar Adar, cikin jihar Tawa a Nijar, wanda ba shi da rami a gefensa. Ka bi hanyar Tawa zuwa Keita, ko ka gangara ta Badagishiri ka nufi Illela, za ka ga abin yana maimaita kansa: gidaje da rumbuna na laka a kan tudu, sannan a ƙasansu wani ƙaton kududdufi, da damina cike da ruwa, da rani busasshe ya daddare. Baƙo yakan ɗauka tafki ne da Allah ya yi. Mutanen garin kuwa sun san hannu ne ya haƙa shi, don duk bangon da ke tsaye a garin daga nan aka ɗebo shi.

Lissafin ba shi da wuya. Ɗaki ɗaya mai faɗin mita 4 da tsawon mita 4, tsayin bango mita 3, kaurinsa santimita 40, yana cin ƙasa wajen mita kubik 20, wato in an auna tsawo da faɗi da zurfi. Ka ƙara ɗakunan mata, da zaure, da katangar da ta kewaye gida, da rumbu biyu ko uku, gida ɗaya ya kusa cinye mita kubik 100. Gida ɗari ke nan sun bar ramin da ya kai faɗin hekta guda, zurfinsa mita ɗaya. Ba a ma sa yaɓen da ake sakewa bayan kowace damina ba, wanda shi ne ke ci gaba da faɗaɗa ramin ko da ba a yi sabon gini ba.

Wannan ramin na kowane ƙauye ne, kuma ba shi ne damuwata ba. Akwai wasu 'yan tungaye da ƙananan ƙauyuka da Allah ya ba ƙasa mai kyau fiye da ta maƙwabtansu, har haƙar yumɓu ta zama ita ce sana'ar gari. Su ba don ginin kansu kaɗai suka haƙa ba, sun haƙa don kasuwa, don birni, don mutanen da ba su taɓa ganin ramin ba. Yau kasuwar ta ja baya a wurare da yawa, masu saye sun koma siminti da roba, ramukan kuma suna nan.

Me ya sa ƙasar nan take da yumɓu haka? Masana ilimin duwatsu sun nuna cewa yankin Tawa yana cikin wani babban kwari na ƙarƙashin ƙasa da suke kira Iullemmeden, kuma miliyoyin shekaru da suka wuce teku ya taɓa kwanciya a kansa. Abin da ya kwanta a gindin ruwan shi ne ya zama shimfiɗu hawa-hawa: dutsen farar ƙasa a nan, yumɓu a can, jipsum, wani ma'adinin da ake sawa a siminti, a tsakani. Shi ya sa yara masu kiwo a kan duwatsun Adar suke tsintar dutse mai siffar katantanwar ruwa a wurin da ko rijiya sai an sha wuya. Wannan arzikin ne ya sa aka kafa masana'antar siminti a Malbaza tun shekarun 1960, kuma shi ne ya sa mutanen karkara, da yawansu mata, suka daɗe suna tsintar jipsum da hannu suna sayar wa masu kai shi can. Sannan ƙoramu, duk damina, suna wanko laka daga tuddai su zube ta a fadamu irin na Majiya da Keita. Saboda haka yumɓun Adar iri-iri ne, kuma masu sana'a sun fi kowa sanin bambancinsu. Baƙar lakar fadama tana kumbura in ta sha ruwa, tana tsagewa in ta bushe, don haka magini ba zai yi tubali da ita zalla ba sai ya haɗa da yashi da ƙaiƙayi ko kashin dabbobi. Mai ginin tukwane kuma tana neman yumɓu mai danƙo, ta daka tsingaron tsofaffin tukwane ta zuba a ciki don kada tulu ya fashe a wuta. Jar ƙasa mai tsakuwa kuwa ta hanya ce da daɓe.

Ƙauyen da ya dace da jijiyar yumɓu mai kyau, ramin ne ke tsara masa komai. Gari ba ya faɗaɗa ta ɓangaren da aka haƙa, sai ya miƙe ta ɗaya gefen, shi ya sa za ka ga wasu tungaye sun yi tsawo kamar an ja su da igiya, masallaci a can ƙarshe maimakon tsakiya. Hanyar da ta fi faɗi a garin ba ta gona ba ce, ta amalanken jakai ce da ke fita da tubali. Unguwar masu tukwane tana bakin gari ta inda iska ke kwashe hayaƙin gashi. Hatta kalandar aiki ramin ke riƙe da ita. Ana gama girbin hatsi, ruwan da ya rage a kududdufi shi ake kwaɓa laka da shi, a buga tubali a shanya cikin sanyin hunturu, kafin watan Maris ruwan ya ƙafe aikin ya tsaya. A yankin da ruwan sama na shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kuma noma bai fi na wata huɗu ba, wannan sana'a ce da ke riƙe matashi a gida lokacin da sa'o'insa na wasu garuruwa suka ɗaure jaka suka tafi biɗa Abijan ko Legas ko Libiya.

Abin lura a tsohon tsari shi ne, mai haƙa da mai zama kusa da ramin mutum ɗaya ne. In ya haƙa bakin rami a tsaye har ya zama haɗari, ɗansa ne zai faɗa. In ya matso da shi kusa da katanga, tasa ce za ta zube. Ba a buƙaci doka ba. Sarkin magina da maigari sun isa su ce nan za a haƙa, nan ba za a haƙa ba, kuma a ji.

Abin ya fara karkacewa lokacin da birni ya buɗe baki. Tawa ta girma, Ƙonni da Madawa sun girma, Yamai kuwa ba a magana. Amalanke ya ba babbar mota wuri. Mai mota ba ɗan garin ba ne, kuɗin lodi yake biya, kuma abin da ya dame shi shi ne a cika masa da wuri. Masu haƙa, da ake biya gwargwadon abin da suka fitar, sai suka koyi bin jijiyar yumɓu ta ƙarƙashi, suna rarake gindi suna barin ƙasar sama a rataye, don kwashe ƙasar sama aiki ne da babu mai biyansa. Irin wannan haƙar ce ke rufta wa mutane. Mai gona kuma, da aka zo masa da kuɗi a hannu cikin shekarar da hatsi bai yi ba, ya yarda a ɗebi gefen gonarsa. Wa zai zarge shi? Sai dai ƙasar noma ta sama, wadda kaurinta bai fi taƙi ɗaya ko biyu ba, ita ake fara zubarwa, kuma ba ta dawowa a rayuwar mutum guda.

Daga nan kuma kasuwar ta juya. Tulu da randa suka haɗu da jarkar roba, wadda ba ta fashewa in ta faɗo daga kan jaki. Tukunyar ƙasa ta haɗu da ta alminiyum da maƙera ke zubawa daga tarkacen ƙarfe. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya kashe itatuwa, azarar rufi ta yi tsada, itacen gasa tukwane ya yi nisa. Kuɗin 'yan ci-rani ya shigo, kuma duk wanda ya dawo daga bakin teku abin da yake so a gani shi ne bulo da kwano, shaidar cewa tafiyar ba ta banza ba ce. Ba na raina wannan. Mutumin da ya kwana yana tare ɗigon ruwa da kwano-kwano, yana sauraron bango ko zai tsage, yana da hujjarsa. Daminar 2024 ta ƙara masa hujja: ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a Nijar, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, gidajen ƙasa suka yi ta zubewa, har tsohon masallacin Damagaram na laka, wanda ya haura shekara 150, ya rushe a watan Satumba. Bayan irin wannan shekara, ka je ka ce wa magidanci laka ta fi siminti sanyi, ka ji amsar da zai ba ka.

Ba wai an daina haƙa ba ne. Har gobe talaka da tubalin laka yake gini, kuma matan Bubon, kusa da Yamai a bakin kogin Kwara, da na Mirya a Damagaram suna nan suna sayar da tukwanensu, don ruwan randa yana da sanyin da jarka ba ta da shi. Amma ƙananan wuraren da ba su yi suna ba, ko waɗanda yumɓunsu mai kyau ya ƙare, ko hanyar mota ta kauce musu, su an bar su da ramin kawai.

To mene ne ramin yake yi wa gari bayan masu haƙa sun watse? Amsar ba ɗaya ba ce, kuma nan ne nake ganin masu ba da shawara daga ofis suke gaggawa. Yumɓu ba ya barin ruwa ya nutse, don haka ramin da gindinsa bai wuce shimfiɗar yumɓu ba yana riƙe ruwa wata biyu, uku, wani har huɗu bayan ɗaukewar damina. A Adar wannan dukiya ce. Dabbobin gari suna sha, makiyaya masu wucewa suna sha, mata suna wanki, wasu suna kafa ɗan lambun albasa ko tumatir a gefe, wasu wuraren har an zuba tarwaɗa. Garin da ke da irin wannan ruwa, rijiyarsa takan huta.

Amma ruwan nan shi ne kuma inda sauro ke hayayyafa. A lokacin zafi, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana goma ba, kuma sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwa marar zurfi wanda rana ke dukansa: sawun kofaton shanu a bakin rami, da ƙananan ramukan da masu tubali suka bari barkatai. Babban rami mai zurfi, mai kifi da kwaɗi, sau da yawa bai kai waɗannan ƙananan illa ba. Wannan bambancin yana da muhimmanci, don yana nuna cewa ba lallai sai an cike komai ba kafin a rage cuta. A ƙauyen Banizumbu, gabas da Yamai, masu bincike sun gwada barbaɗa dakakken ƙwallon dogon yaro a kan irin waɗannan kududdufai sau biyu a mako, suka ga sauron ya ragu da kusan rabi. Dogon yaro kuwa ba baƙo ba ne a jihar Tawa. Layukansa da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 don tare iska suna nan. Maganin rigakafin da ake ba yara 'yan ƙasa da shekara biyar kowane wata cikin damina yana taimakawa, gidan sauro yana taimakawa, amma duk suna tare cutar ne a bakin ƙofa, ramin da ke haifar da ita yana can.

Dattawa suna tuna kurkunu, wanda shan ruwan kududdufi ke kawowa, yana kwantar da manomi daidai lokacin noma. An tabbatar Nijar ta rabu da shi a 2013. Tsargiya kuwa tana nan inda yara ke wanka a ruwan da ba ya gudu. Ga nutsewar yara, wadda kusan kullum a ramin da aka haƙa bakinsa a tsaye take faruwa: yaro yana tafiya ruwa iya gwiwa, taki ɗaya ya zurma. Ga bakin ramin da ke ci gaba da cin ƙasa da kansa, kowace damina ya zaftare ya matso, har ya haɗu da ƙorama ya zama kwazazzabo. Kuma da zarar rami ya rasa mai shi, sai ya zama bola. Leda baƙa ta rufe shi, awaki su ci su mutu.

Tambayar da ke ƙarƙashin duk wannan ita ce ta mallaka, kuma ita ce ba a son taɓawa. A dokar Nijar, abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati ne baki ɗaya. Dokar ma'adinai ta 1993, da wadda ta maye gurbinta a 2022, sun sa yumɓu da yashi da tsakuwa a sahun kayan da ake haƙa da izini, kuma mai izini shi ke da alhakin gyara wurin in ya gama. Wannan yana iya aiki a kan kamfani mai ofis da adireshi. Amma ramin da mutum ɗari suka haƙa da diga da shebur cikin shekara arba'in, rabinsu sun rasu, rabi suna ƙasashen waje, wa za a kama? A ɗaya gefen kuma akwai dokar karkara, ita ma ta 1993, wadda ta amince da mallakar gona ta gado, a ƙarƙashinta kuma aka kafa kwamitocin kula da filaye tun daga ƙauye har zuwa sama. Sai ramin ya faɗa tsakanin dokokin biyu. Magadan mai gona suna cewa filin kakansu ne, in maganar lambu ko kifi ta taso. In yaro ya nutse, ko aka ce a kawo kuɗin gyara, sai ya zama na gari. Makiyayi yana ganin ruwan sama ne da ya taru, kuma a al'ada ba a hana dabba shan irinsa. Magajin gari, wato shugaban ƙaramar hukuma, yana iya karɓar harajin lodi lokacin da motoci ke zuwa, amma ramin da ba ya kawo ko dala ba ya cikin kasafinsa. Za ka ji matasa sun sami maigari sun ce, “Ranka ya daɗe, a ba mu wurin nan mu gyara mu yi lambu.” Shi kuma ya ce, “'Ya'yana, ku bari in ji ta bakin masu gonar.” Masu gonar kuwa mutum goma sha ne, uku suna Kamaru. Maganar ta mutu ke nan sai wata shekara.

Cike ramin gaba ɗaya, wanda shi ne abin da baƙi suka fi saurin faɗa, mafarki ne. Ƙasar da za a cike hekta guda da ita sai an haƙo ta daga wani wuri, an sake wani ramin. Abin da ya fi kusa da hankali jihar Tawa ta riga ta san shi. Aikin raya karkara na Keita da aka fara a 1984 da taimakon Italiya, wanda mata suka ɗauki mafi yawan nauyinsa da duwatsu a ka, da kuma tassa da rabin-wata, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwan sama, da manoman Illela da Badagishiri suka farfaɗo da fako da su, duk sun nuna cewa mutanen nan sun iya sarrafa ruwa da ƙasa da hannunsu in sun tabbata amfanin nasu ne. A rami, aikin shi ne a kwantar da bakin da ke tsaye ya zama gangare, a haɗe ƙananan ramuka su zama ɗaya mai zurfi, a jera duwatsu ta inda ruwa ke shigowa don ya rage gudu ya ajiye yashinsa a waje, a ware mashayar dabbobi daban da wurin lambu, a dasa itatuwa su riƙe gaɓa. Babu abin da ya fi ƙarfin gayya a ciki. Amma babu wanda zai zuba guminsa na rani guda a filin da gobe wani zai fito da shaidu ya ce na kakansa ne. Shi ya sa nake ganin takardar kwamitin filaye ta ƙauye, mai sa hannun magada da maigari da wakilin makiyaya, ta riga shebur muhimmanci, ko da yake ita ce ba ta da daɗin ɗauka a hoto.

Akwai wani dalilin da ya sa maganar ba ta tarihi ba ce kawai. Laka tana dawowa ta wata ƙofa. Jihar Tawa ce ta haifi Falke Barmu, manomi kuma magini, wanda ya gina masallacin Juma'a na Yama da laka a 1962, mutanen gari suna kawo ruwa da tubali da itace, daga baya ya ƙara masa ƙubba da hasumiyoyi huɗu, har ginin ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986. A Dandaji, cikin jihar nan, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin laka ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da tubalin jar ƙasa da inji ke matsewa, aka gama a 2018. A Yamai ma an gina gidaje masu bene da irin wannan tubali. Ana ɗan zuba masa siminti kaɗan, ba a gasa shi da itace, yana jure ruwa fiye da tubalin hannu in an yi masa tushe da rufi mai kyau, kuma ɗakin ba ya zama tanda a watan Afrilu. Da tsadar siminti da ta wutar lantarki, ba abin mamaki ba ne masu hali su fara waiwayar sa.

In hakan ta faru, motoci za su koma ƙauyukan da ke da ƙasa mai kyau, wannan karon da injin haƙa wanda zai yi a mako guda abin da diga ta yi a shekara. Ana yawan yabon ginin ƙasa da cewa in ya rushe ƙasa yake komawa. Gaskiya ne, amma a birni yake komawa, ba a ramin da aka ɗebo shi ba. Ƙauyen da aka zo wa da tayin sayen ƙasa yana da abin da kakanninsa ba su samu ba, wato ya ga ƙarshen irin wannan ciniki da idonsa a bayan gari. Kafin mota ta farko ta juya, ana iya rubuta zurfin da ba za a wuce ba, da nisan rami daga gida na ƙarshe, da tara ƙasar sama a gefe don a mayar da ita, da wani kaso daga kuɗin kowane lodi da za a ajiye a hannun kwamitin gari don gyaran gaɓa, da sunan wanda ruwan zai zama nasa in an tashi. Mai mota zai ce ƙauyen gaba ba su nemi duk wannan ba, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa, don haka magajin gari ne ya kamata ya sa sharaɗin ya zama ɗaya a duk ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa.